Bokan da bai taɓa buga ƙasa ba

Duk wanda ya kalli finafinan Hausa a zamanin kaset da faifan CD, da wuya a ce bai san fuskata ba. Sunana ne bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, don sunan irinmu can ƙasa yake zuwa, bayan mutane sun tashi sun kashe talabijin. Ni ne mutumin nan da ake zaunarwa a gindin tsamiya ko bakin kogon dutse, da jan ƙyalle a ka, da layu da guraye, mace ta zo ta durƙusa tana neman a haukata mata kishiya. Wani lokaci ni ne mugun kawu mai cinye gadon marayu, ko mai unguwa mai karɓar na goro. Amma boka ya fi bina. Har yau a Sakkwato akwai magidanta masu 'ya'ya da ba su san ina da wani suna bayan wannan ba.

Ina faɗa ne, 'yata ta uku tana rubutawa a wayarta, domin hannuna na dama bai koma riƙe alƙalami yadda ya kamata ba. Na daɗe ina jinkirin wannan magana. Abin da ya sa na yarda shi ne yaran da nake gani suna shiga sana'ar nan da irin zumuɗin da na shige ta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To nawa ya riga ya kama.

An haife ni a 1961 a cikin tsohon gari, tafiya kaɗan zuwa Hubbaren Shehu. Gidanmu gidan dukawa ne. Majema su jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su kawo mana kirgi, mu rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Mahaifina yana ɗinka gafaka da kube da tumtum da takalma, ana kuma kawo masa layu ya rufe da fata. Na iya riƙe basilla tun ban daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, kuma kowa ya ɗauka a zauren nan zan tsufa.

Tashe ne ya canza ni. In azumi ya kai goma, mukan fita bayan shan ruwa muna bin gidaje. Shekarar da na kai goma sha ɗaya aka ba ni tsoho mai gemu. Na liƙa auduga da ƙaro, na ari tsohuwar rigar kakana, na sami sanda. Sauran yara sukan duƙa ne kawai su yi ta rawar jiki. Ni kuwa na yi kwanaki ina lura da wani makwabcinmu, na ga ashe tsoho ba bayansa ne ke fara gajiya ba, gwiwa ce, kuma kafin ya zauna sai ya fara neman ƙasa da hannu. Haka na yi. A wani gida wata tsohuwa ta leƙo daga ɗaki ta ce mini "sannu Baba" da ladabi, sai da yara suka fashe da dariya sannan ta gane. A daren ban yi barci ba. Ban san sunan abin da na ji ba, amma na san ina son in sake jin sa.

A ƙarshen shekarun 1970 na shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke gwaji da yamma a ajin wata firamare. Lokacin talabijin bai daɗe da zuwa Sakkwato ba, gidan da ke da shi sai ka ga yaran shiyya sun cika tsakar gida. Muna sauraren wasannin Rediyon Kaduna, muna jinjina wa irin su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Kasimu Yero. Ba a rubuta mana magana. Shugaba zai zaunar da mu ya ba da labari, ya ce kai ne wane, ke ce wance, kowa ya gina maganarsa da bakinsa. Wannan horon ya fi komai amfani gare ni, domin a kan daɓe babu mai cewa a tsaya a sake. In ka yi tuntuɓe, a gaban jama'a za ka tashi.

Yawancin aikinmu na wayar da kai ne: allurar rigakafi, yaƙi da jahilci, tace ruwa saboda kurkunu, daga baya kuma shirin MAMSER da gwamnatin Babangida ta kawo a 1987. Mun je Wurno da Gwadabawa da Tambuwal da Argungu da Talatar Mafara, duk lokacin jiha ɗaya ce, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. A irin wannan wasa dole a sami bokan da zai yaudari uwar yaro mai ƙyanda, ya cinye mata akuya, yaro ya rasu, don masu kallo su gane asibiti ya kamata a je. Babu mai son rawar, kowa liman ko likita yake so. Ni na karɓa, domin na ga nan ne aikin yake. Na riƙa zama a kasuwa ina kallon 'yan magori, yadda suke yin shiru su ƙura wa mutum ido har shi da kansa ya faɗi abin da ke damunsa. Jarumi yana da fim gaba ɗaya don mutane su san shi. Irinmu minti uku ake ba mu, don haka tafiyarka da tarinka da yadda kake ajiye ƙwarya dole su yi magana tun kafin ka buɗe baki. Layun da nake ratayawa ni na ɗinka abina, tsohuwar jarida ce a ciki. Ban taɓa yarda a sa ko harafi ɗaya na Alƙur'ani a kayan wasa ba, ban kuma taɓa koyon bugun ƙasa ba, zane kawai nake yi a rairayi.

Da aka fara nuna mu a talabijin, labari ya kai wa mahaifina a masallaci. Ya kira ni zaure bayan isha'i. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mi kaka nema cikin wanga abu? Kai ɗan baduku na. Wasa ba shi riƙon tsoho." Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku yi mini hanƙuri, gyaran jama'a mukai." Bai amsa ba. Bayan kwana biyu na tarar ya ɗauki ɗaya daga cikin layun wasana da na manta a kan tabarma, ya warware ɗinkin da na karkatar, ya sake shi daidai, ya ajiye mini inda ya same ta. Bai taɓa cewa ya yarda ba, ban kuma taɓa jin ya zo kallo ba. Ya rasu a ƙarshen 1988, makonni kaɗan bayan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Layar tana wurina har yau.

Tun daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim a kaset ya shiga kasuwa, aka fara jin cewa harkar ta koma can. Ni sai 1998 na tafi. Tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Talatar Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, kuma na yi ta har na daina ƙirgawa. Na rufe zauren mahaifina, na ba ƙanena kayan aiki, na ɗauka na wuce wurin.

Abu biyu suka same ni a can. Na farko harshena. Da na buɗe baki aka ji "mi" da "shina" da "yat tahi", sai aka yi murna, aka ce ga wanda zai ba mutane dariya. Darakta yakan ce, "Baba, a ƙara Sakkwatancin nan, a ja shi sosai." Harshen da malamai suka yi wa'azi da shi, manyan makaɗan fada suka yi waƙa da shi, harshen da mahaifiyata ta yi mini addu'a da shi, shi ya zama alamar baƙauye ko boka. Na ja shi kamar yadda aka ce. Wannan yana cikin abubuwan da in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina.

Na biyu kuɗi. Babu takarda, babu yarjejeniya. Ka yi kwana biyu a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a gama, furodusa ya ja ka gefe ya danƙa maka abin da ya ga dama, wani lokaci kuɗin mota da ɗan abin cefane, wani lokaci a ce sai fim ya fita. Fim ya fita, dillalai a Ƙofar Wambai su sayar, a kai Nijar da Ghana da Kamaru, kai kuwa an riga an sallame ka. Akwai masu amana, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ni ma ina da nawa laifin. Ban taɓa tambayar nawa za a ba ni kafin in sa riga ba, kunya nake ji. In na sauka a tasha yara suka bi ni suna kira, sai in ji kamar na mallaki wani abu. Ashe kayan aro ne, ba ya rufe katara.

A 2004 aka nemi babbar 'yata. Yaron kirki ne, ta kuma so shi. An kawo gaisuwa, an fara maganar sa rana. Sai manyansa suka aiko a yi bincike a shiyya, kamar yadda aka saba. Wanda suka tambaya ya ce musu, "Ai gidan boka na." Wataƙila da wasa ya faɗa. Bayan mako guda kawun yaron ya zo, ya zauna a bakin tabarma yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce iyaye mata sun ƙi. Na ce masa wasa ne, na kawo ɗaya daga cikin layun wasana na tsaga a gabansa ya ga jarida. Ya ce shi ya sani, amma ba zai iya bin gida-gida yana bayani ba.

Yarinyar ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ran na huɗu ta same ni ina alwala, ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Baba, don Allah ku bari." Na ce na bari. Na yi mata alkawari da bakina. Wata uku ina zaune, hatsi ya ƙare, kuɗin makarantar ƙannenta ya taso, hannuna kuma ya manta fata, masu sayen kayanmu sun koma wurin wasu. Da aka aiko daga Kano ana neman boka, na shirya jakata da asuba tun ba ta tashi ba. Allah ya ba ta wani mijin daga baya, tana Gwadabawa da 'ya'yanta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Shirun nata ya fi mini zafi.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wani lokaci, aiki ya watse zuwa Kaduna da Jos. Sannan satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, finafinai masu dogon zango suka koma talabijin da YouTube, sababbin fuskoki suka cika wuri. Kiran da ake yi mini ya ragu daga sau uku a wata zuwa sau uku a shekara.

A cikin wannan tsakanin nake fama da ciwon kai ta ƙeya. Wani yaro mai kemis ya taɓa auna ni ya ce jinina ya hau, ya ce in ga likita. Na sayi magani na sha mako guda, na ji sauƙi, na ajiye. Na shekara da shekaru ina gaya wa mutanen ƙauye a kan daɓe su je asibiti, ni kaina ban je ba. Ba zan ɗora wa kowa wannan ba.

Watan Afrilun 2018 ne, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Na tashi sallar asuba, na ɗauki buta, sai ta suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, hannu ya ƙi. Na kira uwargidana, abin da ya fito ba magana ba ne. Ta zo ta ga bakina ya karkace, ta yi salati. Makwabta suka cika gida. Wani ya ce shafar iska ce, aka kawo garwashi da hayaƙi, wani ya tafi neman mai ruƙiyya. Ina kwance ina jin komai. Sai da rana ta take sannan uwargida ta miƙe ta ce, "Ku gafarce ni, asibiti za ni da shi." Ta aiki yaro ya tsayar da keken nan da muke kira agwagwa da buje, aka kai ni Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Likita ya yi wa iyalina bayani a gabana. Ya ce hawan jini ne da aka bari ya daɗe, jijiya ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma hagu ce ke riƙe da ɓarin dama na jiki da magana, shi ya sa duka biyu suka tafi tare. Ya ce a wannan ciwo sa'o'in farko su ne komai. Mu kuwa mun ba hayaƙi sa'o'inmu.

Wanda bai taɓa rasa magana ba ba zai gane ba. Hankalina garau. Na san sunan 'yata, ina ganin sa a zuciyata, amma in na nufe shi sai ya gudu. Abin mamaki, Fatiha tana fita tun daga farko har ƙarshe, sai dai in ce a ba ni ruwa ne ba zan iya ba. Mutumin da ya ci abinci da baki shekara kusan arba'in, ga shi yana nuni da hannun hagu kamar jinjiri. Da dare nakan juya fuska bango in yi kuka a hankali don kada uwargida ta ji. Daga baya ta gaya mini tana ji.

A gari kuwa magana ta bazu cewa aljanun da nake kira a fim ne suka amsa. Wasu da na yi sahu ɗaya da su shekara da shekaru suka daina shigowa gaishe ni.

Bayan an sallamo mu, wani saurayi ɗan harkar fim ya zo dubiya. Na yarda da niyyarsa har yau. Ya ga halin da muke ciki, ya ga an sayar da awaki da gadon uwargida. Ya fito da waya ya fara ɗauka, yana cewa ga halin da Boka yake ciki, jama'a a taimaka. Ina kwance ba hula, yawu yana zuba ta gefen baki. Ina so in ce ya bari a sa mini riga, a goge mini fuska, a zaunar da ni. Na yi ta yunƙuri, abin da ya fito shi ne "to, to". Ya ɗauka na amince.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zagaye Facebook da WhatsApp. Taimako ya zo, daga Kano, daga Konni da Tawa da Maraɗi, har daga mutanenmu da ke Saudiyya. Da kuɗin aka sayi magani, da su aka biya gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, wata da watanni. Ba don su ba, ban san inda zan kasance ba, kuma ina yi wa kowane ɗayansu addu'a. Amma a ƙarƙashin bidiyon akwai masu rubuta cewa ƙarshen boka ke nan, Allah ya ƙara. Wannan 'yar da ke rubuta maganata ita ta karanta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Godiya da ciwon suna zaune wuri ɗaya a zuciyata, ban iya raba su ba. Abin da nake roƙo kawai, duk mai son taimakon majinyaci ya nemi izininsa tukuna. In ba ya magana, yana da ido, yana da hannu ɗaya. A rufa masa jiki, a jira ya nuna.

Sau uku a mako ake kai ni gashi. Ƙafa ta fara dawowa, sannan kalmomi ɗaya-ɗaya, sunan uwargida ne na farko. Yatsu suka fi taurin kai. Mai gashin ta ce, "Baba, a samo muku wani ƙaramin aiki da za ku riƙa yi da hannun kullum." Da muka dawo gida uwargida ta tafi wurin ƙanena ba ta gaya mini ba, ta dawo da tsohon akwatin mahaifina. Basillarsa na ciki, ƙotar ta yi santsi saboda hannunsa. Ta ajiye a gabana ta ce, "Malam, ga abin da kuka sani."

Wata biyu ban iya huda fata ba. Basilla ta faɗi, in ɗauka, ta faɗi. Na koyi riƙe ta da hagu, dama tana danne kirgi. Abin da na fara gamawa ɗan gidan waya ne, ɗinkin duk a karkace, na warware na sake har sau huɗu. Yanzu ina yin jakunkuna ƙanana da maratayin makulli da gafaka, ɗana yana kai wa masu sayar wa baƙin da ke zuwa ziyara Hubbare. Ba arziki ba ne, amma maganin hawan jinina daga nan yake fita, kuma ban tsallake ko kwana ɗaya ba tun 2018.

A 2021 wani darakta ya aiko cewa yana son in fito boka, wai yadda bakina ya koma zai ƙara wa abin armashi. A lokacin muna bukatar kuɗin ƙwarai. Na kwana ina juyi, na tuna asubar nan da na saɓa jaka na fita. Da gari ya waye na ce a gaya masa na gode, ba zan yi ba.

Bayan kusan shekara wani yaro ɗan nan Sakkwato da ke shiri a YouTube ya zo har zaure, ya cire takalmi ya zauna ƙasa. Ya ce kaka yake nema, dattijo baduku wanda jikarsa ke zuwa wurinsa shawara. Fitowa huɗu ce, magana kaɗan. Na ce ina da sharaɗi biyu: a rubuta abin da za a ba ni a takarda kafin a kunna kyamara, kuma zan yi Sakkwatancina yadda nake yin sa a gida, ba ƙari. Ya yarda. 'Yata ta karanta takardar, na dangwala da hagu. A zauren mahaifina aka ɗauka, ina ɗinki na gaske, inda harshe ya sarƙe kuma ya ce a bar shi haka, tsoho ne ke magana.

Ran da aka saki kashin shirin da na fito, bayan magariba, waya ta yi ƙara. Babbar 'yata ce daga Gwadabawa. Tun 2004 ba ta taɓa ce mini ta kalli wani abu nawa ba. Ina jin hayaniyar yaranta a bayanta suna gardamar wa ya fara gane ni. Ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta tambayi Inna, sai ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Baba, wanga karon ku na nig gani."

Na so in amsa, maganar ta tsaya mini a wuya, sai na miƙa wa uwarta wayar.